Filina da Bukkar da ke Cikinsa

A fadarmu ta bayan sallar isha'i, in hira ta mutu, zancen haya ake jawowa, domin shi ne zancen da ba ya ƙarewa a Yamai. Mu goma sha ɗaya ne muke zama, biyu kacal ke kwana a gidan kansu, ɗayan ma gado ya ci. Wani dare ƙanenmu, malamin lakwal, ya zo rai a ɓace. Mai gidansu ya ƙara masa jika goma a kan kuɗin ɗaki da falo, ya kuma ce masa in bai iya ba, akwai mai jira. Kafin a sauke shayi na biyu kowa ya kamo mai laifi. Wannan ya ce tsadar siminti ce. Wancan ya ce gwamnati ba ta gina wa talaka komai. Wani ya ce banki, wani ya ce dillalai, wani kuma ya ce haihuwa ce ta yi mana yawa, aka yi masa ca.

Ni ban ce uffan ba. Suna ta lissafa abubuwan da suka hana a samu gida mai sauƙin kuɗi a garin nan, ni kuwa hankalina yana kan wani fili da nake da shi a bakin gari, kewaye da katanga, shekara sama da ashirin ba a aza tubali ɗaya na ɗaki a cikinsa ba. Zan dawo kansa.

Abin da abokaina suka faɗa ba ƙarya ba ne. Garin nan ya kumbura fiye da yadda kowa ya shirya masa. Lokacin samun ƴancin kai a 1960, mutanen Yamai ba su wuce dubu talatin da ɗoriya ba. Ƙidayar 2012 ta same su sun haura miliyan ɗaya, kuma tun daga ranar ba a daina shigowa ba: mai gudun fari, mai gudun ƴan bindiga, ɗan makaranta, ɗan ci-rani da ya zo na wata uku ya shekara goma. Siminti kuwa, a watan Oktoba na 2024, bayan ambaliyar daminar nan da ta rusa gidaje a ko'ina cikin ƙasa, gwamnati ta karya farashinsa, tan ɗaya na wanda aka fi gini da shi ya dawo jika 55 a Yamai. An yi murna, kuma abin murna ne. Amma albashi mafi ƙanƙanta a doka jika 42 ne a wata. Ke nan leburan da ya yi wata cur yana aiki, ko da bai ci ba bai sha ba, ba zai sayi buhu ashirin ba. Ga ƙarfen rodi da kwanon rufi, waɗanda daga waje ake shigo da mafi yawansu, kuma tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 hanyarsu ta ƙara nisa.

Bankin gidaje an buɗe shi a 2018, sai dai banki yana son takardar albashi da takardar mallakar fili, alhali mafi yawan mutanen garin nan ɗan kabu-kabu ne da mai tebur da mai tuyar ƙosai. Wasu kuma ko sun cika sharuɗɗan, tsoron riba ba zai bar su su kusanci wurin ba. Saboda haka da adashi ake gini, ɗaki ɗaki, wani har ya tsufa bai rufe na uku ba. Wannan duka na yarda da shi, ba ni da abin ƙarawa.

Inda na fara samun damuwa shi ne a kan simintin nan da muke ta kuka da shi. Wa ya ce sai da shi gida ke zama gida? Ku saurari yadda muke magana. Gini kashi uku ne a bakinmu: dur, da semi-dur, da banko. Harshen ofis da muka gada daga Faransawa yana kiran siminti da ƙarfe kayan gini na dindindin, ƙasa kuwa ta wucin gadi ce. Mun haɗiye wannan rabon har ya zame mana ma'aunin mutunci. Gwaggona, Allah ya ji ƙanta, ta taɓa cewa ƴarta ba za ta tare a ɗakin ƙasa ba ko da sama da ƙasa za su haɗu, alhali ita kanta a soron ƙasa aka haife ta a Birnin Damagaram, soron da har yau jikoki ke kwana a cikinsa. Yaron ya je ya kama hayar ɗakin bulo mai rufin kwano, wanda a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ba ya shiguwa sai bayan tsakar dare. In an ɗauke kuran, tabarma suke fitarwa tsakar gida. Amarya ta tare a gidan dur, magana ta ƙare.

Ga shi kuwa hasumiyar masallacin Agadas, mita 27, da ƙasa aka yi ta, kuma tsohon garin ya shiga jerin kayan tarihin duniya na UNESCO a 2013. A Yama, cikin jihar Tawa, wani magini mai suna Falke Barmu ya gina masallacin Juma'a da ƙasa, aikin da ya ci kyautar Aga Khan a 1986. A nan Yamai, a 2016, wata ƙungiyar masu zanen gini da ƴar ƙasarmu Mariam Kamara ke ciki ta gina gidaje shida masu bene da tubalin jar ƙasa wanda ake matsewa da inji, a fili ɗan kaɗan, aka sa wa aikin suna Niamey 2000. Ita ce kuma, tare da abokiyar aikinta, ta yi sabon masallaci a Dandaji da irin wannan tubalin, ta mayar da tsohon masallacin ɗakin karatu. Turawa suna tasowa takanas su ɗauki hotunan waɗannan gine-gine. Mu kuwa muna wucewa ta gabansu mu je mu ci bashin siminti.

Na san abin da za a ce mini, kuma da gaskiyar mai cewa. Ƙasa tana faɗuwa. A daminar 2024 ɗakunan ƙasa ne suka fi danne mutane, har tsohon masallacin nan na Birnin Damagaram, wanda ya haura shekara ɗari da hamsin a tsaye, ya rufta a watan Satumba. Wanda ya tono ɗansa daga ƙarƙashin bango ba zai saurari waƙar yabon tubali ba, kuma ba ni da bakin yi masa ita. Amma in ka je ka duba ɗakunan da suka zube a unguwannin talakawa, abu guda za ka yi ta gani: babu harsashi na dutse, bango ya tashi daga ƙasa tsurarta, ba a yi yaɓe ba shekara da shekaru, babu indararon da zai jefa ruwa nesa da gindin bango, kuma an gina su a kan hanyar ruwa. Maginan da suna da makuba da katsi na shafe bango, suna da sarkinsu da ke hana aikin algus. Mun watsar da sanin, mun riƙe ƙasar ga wanda ba shi da zaɓi, sa'an nan in ta kashe shi mu ce ai mun faɗa.

To me ya kai talaka hanyar ruwa? A nan ne zancen ya iso ƙofar gidana.

Mahaifina ma'aikacin gwamnati ne. A shekarun 1990 albashi ya yi ta maƙalewa, wata da watanni. A farkon shekarun 2000 gwamnati ta biya wani kashi na bashin da filaye: a ba ka parsel a madadin kuɗin da kake bi. Da yawa daga cikin abokan aikinsa sun sayar da nasu nan take, a kan kuɗin da bai kai ya kawo ba, domin yunwa ba ta jiran lotisma ta samu ruwa da wuta. Masu kuɗin gari suka tsince su goma goma. Shi ya riƙe nasa, ya rasu bai gina ba, da aka raba gado ya faɗo a kasona. Lokacin daji ne, sai gero da ƙaya. Yanzu gari ya iske shi ya wuce. Na yi masa katanga da ƙofar kwano, shi ke nan.

Shekara tara ke nan wani dattijo, mutumin Arewa daga wani ƙauye kusa da Dogon Dutsi, yake zaune a ciki da iyalinsa, a bukka biyu ta zana da leda. Lebura ne, kwaɓa siminti yake yi a ginin mutane. Matarsa wanki take yi a gidaje. Ba na karɓar ko dala a hannunsa, kuma na daɗe ina sa wannan a cikin ayyukana na alheri. In zancen ya taso nakan ce, ai akwai wasu bayin Allah da na bari suna zaune. Sai daga baya na zauna na yi wa kaina lissafin gaskiya. Kowa a garin nan ya san filin da ba kowa a ciki, ko ya zama juji, ko ka wayi gari wani ya zo da takarda irin taka, an sayar masa. Gardi kuwa kuɗi ake biyansa duk wata. Dattijon nan ya yi mini gadi shekara tara kyauta, ya share, ya dasa bedi biyu da zogale, ya kori wani da ya taɓa zuwa da masu awo. Ladansa shi ne izinin kwana a ƙarƙashin leda, da sharaɗin da ba mu taɓa furtawa ba amma duk mun san shi: kada ya kuskura ya aza tubali. Ranar da ya gina ɗaki, ranar na fara tsoron ya ce yana da haƙƙi.

Ku zaga bayan gari ku ƙirga irin filina. Katanga, ƙofa, bukka. Katanga, ƙofa, babu kowa. Kowane ɗaya akwai mai shi a wani wuri yana jiran farashi ya hau. Kuma farashin yana hawa ba don wani abu da mai filin ya yi ba. Gari ne ya matso, aka ja famfo, aka kafa turakun wuta, maƙwabta suka gina, aka buɗe lakwal da kasuwa. Gumin jama'a ne ke taruwa a aljihun mutum ɗaya yana barci. Shi kuwa mai neman wurin da zai sa haƙarƙarinsa, sai ya tsallake dukan waɗannan kangaye ya tafi can inda ba famfo, yana sayen ruwa a hannun ƴan ga-ruwa da tsadar da ta fi ta mai famfo a gida, yana ƙarar da abin da ya samu a kuɗin faba-faba. Ko kuma ya gangara kwari, inda ba mai so. Akwai unguwa a garin nan da ake kira Pays-Bas saboda yadda take a rami. A 2020, da kogi ya cika ya karya madatsa, unguwannin Haro Banda irin su Lamorde da Kirkisoye ne ruwa ya ci, aka kwashe mutane aka zuba a ajujuwan makarantu. A ranar filina yana kan tudu, busasshe ƙayau. Hatta dajin bedin nan da aka fara dasawa a 1965 don ya kewaye gari ya tare ƙura, an yi ta yankarsa ana sayarwa, wai don ƙarancin fili, a garin da kangaye suka yi wa ƙawanya.

Na yi ƙoƙarin kare kaina, kuma hujjojina ba na banza ba ne. Filin nan gumin mahaifina ne, albashinsa ne da aka mayar ƙasa. Ban ƙwace ba, ban yi algus ba. Ni ma haya nake biya. Ba ni da wata ajiya sai shi, ina da ƴaƴa huɗu, kuma a ƙasar da ciwo ɗaya kan cinye tattalin shekara goma, fili shi ne asusun da ɓera ba ya ci. In na sayar yau, ba talaka ne zai saya ba, wani mai kuɗin ne zai ƙara a kan guda talatin da yake da su. In kuma na ce zan gina, da me? Mutum ɗaya da parsel ɗaya ba shi ne ya haddasa matsalar birni mai mutum miliyan ɗaya da wani abu ba.

Wannan hujja ta ƙarshe ita ce ta fi daɗi a baki, kuma ita ce na fi tsoro. Domin mai parsel talatin ma zai iya cewa talatin ɗinsa ba su ne suka haddasa ba. Kowa ya ɗebi loma ɗaya, akushi ya ƙare, ba a samu wanda ya cinye tuwon ba.

Na kai maganar gaban wani malami da nake ɗaukar karatu a wurinsa. Na tambaye shi ko ajiye fili ana jiran tsada yana shiga cikin ɓoye kaya da shari'a ta hana. Ya ce abin da malamai suka fi tsanantawa a kansa shi ne abinci da abin da mutane ke cutuwa da rashinsa, kuma dukiyar da mutum ya mallaka ta halal ba a ƙwace masa ita. Sa'an nan ya kawo mini abin da littattafan fiƙihu suke kawowa a babin raya mataccen fili: cewa Sayyidina Umar ya sa wa'adin shekara uku ga wanda ya kewaye ƙasa bai raya ta ba, kuma ya karɓe wani sashe na kwarin Aƙiƙ daga hannun Bilal ɗan Haris, duk da cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ne ya yanka masa, saboda ya kasa aikata ta, ya raba wa Musulmi. Na yi sauri na ce, Allah gafarta Malam, ai wancan kyauta ce ta hukuma, nawa kuwa biyan bashi ne. Ya ce haka ne, hukuncin bai hau kanka ba. Ya ɗan yi shiru, ya ce: «To amma me ya taso da kai daga gida da wannan tambayar?»

Ban ba shi amsa ba. Fatawa ta wanke ni, ban kuwa ji na fita fes ba.

Akwai wani abin kunya na biyu, tunda na fara faɗa gara in ƙarasa. A layin da nake haya, shekarun baya wani ya so ya gina ɗakuna takwas a jere, irin ciki-ɗaya da ake ba ƴan ƙaramin ƙarfi. Masu gidajen layin suka taru a ƙofar masallaci. Za a cika mu da hayaniya. Ruwan wanka zai malalo titi. Ba a san wa za a kawo ba, ɓarayi ko matan banza. Aka tura dattawa suka ba shi baki har ya fasa, ya yi gida guda babba ya ba wani ma'aikacin wata ƙungiyar waje. Ina wurin, na gyaɗa kai tare da kowa. A cikin waɗanda suka yi magana a ranar, ban san mutum ɗaya da bai fara rayuwar Yamai a irin wannan ɗakin ba. Ni kaina na shekara shida a ciki, mu goma sha biyu muna bin layin makewayi ɗaya. Muna son a gina wa talaka gida, amma a wata unguwar.

Abin ya fi ciwo in ka tuna daga ina muka fito. Bahaushe da zango aka san shi. Duk inda fatake suka sauka, daga nan Yamai har Kumasi da Ankara, akwai mai masauki da ke buɗe wa baƙo ɗaki, ya ci ya sha har ya sayar da kayansa, kuma yawan baƙin mutum shi ne girmansa. Zaure ma don wa aka yi shi? Unguwar Bukoki da ke tsakiyar garin nan, sunanta kaɗai ya isa ya tuna mana da me kakannin masu benayen yau suka fara. Ba na cewa mutanen da mala'iku ne, mai masauki ma yana cin la'adarsa. Amma arzikinsa yana ƙaruwa ne da yawan waɗanda ya saukar. Nawa yana ƙaruwa ne muddin ƙofa na rufe.

Hukuma tana da nata, babba. Ita ke da ikon sa haraji mai nauyi a kan kangon da ya shekara da shekaru a tsakiyar gari, ta karɓi ginin ƙasa mai inganci a matsayin cikakken gini, ta horar da magina, ta hana a sayar da fili ɗaya ga mutum biyu, ta ja ruwa da hanya kafin a yanka lotisma. Sai dai na lura da wani abu game da kaina: duk cikin waɗannan, harajin kango ne kaɗai nake jin zuciyata tana nema masa uzuri. In da za a kawo shi gobe, da ni za a yi layin masu kuka, in ce an zalunci marayu. Ina zaton da yawa daga masu rubuta dokokin ma suna da irin katangata, wataƙila shi ya sa ake ta taro a kan tsadar siminti.

Watan jiya wani dillali ya kira ni. Akwai mai so, kuɗi a hannu, adadin da ban taɓa riƙe irinsa ba. Sharaɗi ɗaya: a ba shi filin babu kowa a ciki.

Ranar Juma'a bayan la'asar na je. Na iske dattijon yana ɗaure zanar da iska ta kwance. Muka gaisa, ya shimfiɗa mini buhu a inuwar bedin da ya dasa. Na yi ta kewaye-kewaye, ashe labari ya riga ni, dillalin ya zo da baƙon sun zaga.

Ya ce: «Maigida, kada ka ji nauyi. Kayanka ne. Abu ɗaya nake roƙo, a bar mu yara su gama shekarar lakwal, kuma kada tashin ya faɗo cikin damina.»

Na ce: «Baba, ina za ku?»

Ya nuna yamma da haɓa, ya ce akwai wani kango can gaba, an ce mai shi yana neman wanda zai zauna.

Na tambaye shi, in da za a yi ɗakuna a nan na tubalin ƙasa, a kan harsashin dutse, za su yi ƙarko? Ya dube ni, ya yi dariya, ya ce shi da ya tashi a gidan magina. Ya tashi ya taka filin da ƙafa, ya nuna mini inda ruwa ke bi in an yi mamako, da inda ya kamata ƙofa ta kalla saboda iskar gabas. Ya ce ɗaki huɗu za su zauna a gefen arewa ba tare da an taɓa itatuwan ba, kuma in an sayo ƙasa mai kyau, shi da ɗansa za su buga tubalin da rani. Bai tambaye ni ko ɗaya daga cikin huɗun zai zama nasa ba. Ni ma ban ce ba, domin ban san abin da zan iya cikawa ba.

Da na koma gida na gaya wa uwar ƴaƴana. Ta ce, yanzu duk kuɗin nan za ka bari ka je ka yi ginin banko, mutane su ce me? Ta kuma tuna mini da kuɗin makarantar babbar ƴarmu, wanda gaskiya ne, yana nan tafe a watan Oktoba. Na ce mata ban yanke ba tukuna. Na dai nemi wani magini ya yi mini lissafin dutse da ƙasa da kwano na ɗaki huɗu da makewayi, ya ce in ba shi mako guda. Dillalin ya kira sau uku tun shekaranjiya, ban ɗauka ba, ban kuma goge lambarsa ba.